Gyaren da Ya Daina Kuka

Muna cewa gyare yana kuka, amma ba da baki yake yi ba. Namiji ne kaɗai ke yin wannan ƙara, ta hanyar goga fukafukansa na gaba biyu. Ɗaya yana da jerin ƙananan haƙora kamar na zarto, gefen ɗayan kuma shi ke karce su. Kunnuwansa ma ba a kai suke ba, suna a ƙafafunsa na gaba, ƙasa da gwiwa. Kukan nan kuwa kiran mace ne.

A shekarar 1913 wani masani mai suna Johann Regen ya tabbatar da haka a birnin Biyana. Ya ajiye namijin gyare a wani ɗaki, macen a wani, ya haɗa su da wayar tarho. Da namijin ya fara kuka, sai macen ta nufi kan tarhon, ba ta gan shi ba, ba ta ji ƙamshinsa ba. Sauti kaɗai ya ja ta.

Tun daga nan gyare ya zama ɗan gida a ɗakunan bincike. Kiwonsa ba wuya, yana hayayyafa da sauri, ƙwaƙwalwarsa kuma ƙarama ce, ana iya bin jijiyoyinta ɗaya bayan ɗaya. A 2015 Berthold Hedwig da abokan aikinsa a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka nuna cewa ƙwayoyin jijiya biyar kacal ne ke sa mace ta gane kiran jinsinta.

Abin mamaki ya faru ne a tsibirin Kauai na Hawai. A can akwai wani ƙuda da ke bin kukan gyare, ya zuba masa tsutsotsi, su huda jikinsa su ci shi daga ciki har ya mutu. Gaba kura, baya sayaki: in ya yi kuka ƙuda ya same shi, in ya yi shiru ba mace. Wata masaniya mai suna Marlene Zuk, wadda ta daɗe tana nazarin gyare, ta koma tsibirin a 2003 ta tarar da dare tsit, ga kuma gyare ko'ina. Ashe wani sauyi ne a ƙwayar gado ya shafe haƙoran fukafukan, kuma cikin 'yan shekaru ya bazu zuwa fiye da kashi 90 cikin ɗari na mazan.

To, yaya bebayen ke samun mata? Sai su laɓe kusa da 'yan kaɗan ɗin da ke kuka, su tare macen da ta taho. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi ma ƙudan bai tsira daga masana ba. Yadda ɗan mitsitsin kunnensa ke gane inda sauti ya fito ne injiniyoyi suka kwaikwaya wajen ƙera ƙananan makirufo domin na'urar taimaka wa masu ƙarancin ji.