Radar ko jandarma: gardamar da ta raba direbobin Faransa

A wannan mako za mu duba wata gardama da aka daɗe ana yi a ƙasar Faransa game da tsaron hanya. Mun ɗauko ta ne sabili da dokar hanyarmu da tsarin jandarmominmu daga can aka kwaikwayo su, don haka abin da ya same su bai yi mana nisa ba. Gardamar kuwa ita ce: wa ya fi rage mutuwa a bisa kwalta, na'urar da ke ɗaukar hoton mai gudu, ko mai kaki da ke tsaye bakin hanya?

Ita wannan na'ura, wadda aka fi sani da radar, tana da asali mai ban dariya. Wani ɗan tseren mota na ƙasar Holan, Maurice Gatsonides, shi ya ƙera na'urar auna gudu a shekarun 1950, domin ya san saurin da yake shiga kwana da shi, ya ƙara a kai. Daga baya 'yan sanda suka gane amfaninta, suka mai da ta kan masu hali irin nasa.

A 1972 mutum wajen dubu 18 suka mutu a hanyoyin Faransa. Shekara ta gaba aka ƙayyade gudu, aka tilasta ɗaura bel, mutuwa ta yi ta raguwa sannu a hankali, amma har 2002 ana rasa fiye da dubu 7 kowace shekara. Ran 14 ga Yuli 2002 shugaba Jacques Chirac ya sanya tsaron hanya cikin manyan ayyukan mulkinsa, ran 27 ga Oktoba 2003 kuma aka buɗe radar ta farko mai aiki ita kaɗai a La Ville-du-Bois, kudu da birnin Paris. Yau akwai fiye da dubu 4 a ƙasar.

Ga yadda take aiki. Idan mota ta wuce ƙa'ida, sai na'urar ta ɗauki hoton lambarta, ta aika shi wata cibiya da ke garin Rennes. Can ake binciko mai motar, a aika masa da takardar tara har gida. Akan yafe kilomita 5 sabili da kuskuren awo idan gudun bai kai kilomita 100 a awa ba. Wanda ya ɗara ƙa'ida da ƙasa da kilomita 20 a bayan gari zai biya euro 68, wato jika 44 da rabi na kuɗinmu. Cikin gari kuwa euro 135, wajen jika 88 da rabi. Ban da haka, tun 1992 lasin tuƙi yana da maki 12, ana zaftare su gwargwadon laifi, in sun ƙare lasin ya mutu.

Sakamakon ya fito fili. A 2003 mamata suka koma wajen dubu 6, a 2010 ƙasa da dubu 4, a 2013 kuma 3.268. To amma akwai wani abin lura wanda masu yabon na'urar sukan tsallake: mutuwar ta fara raguwa tun kafin a kafa radar ko ɗaya. Abin da ya sauya shi ne, direbobi sun tabbata cewa wannan karo gomnati da gaske take. A da, wanda aka yanka wa tara yakan nemi magajin gari, ko ɗan majalisa, ko wani sananne a ofishin 'yan sanda, a soke takardar. Akwai kuma al'adar sabon shugaban ƙasa ya yafe ƙananan laifukan hanya bayan zaɓe, har wasu sukan jinkirta biya suna jiran ranar. A ƙarshen 2002 aka hana soke tara ta hanyar alfarma, a 2007 kuma shugaba Nicolas Sarkozy ya ƙi yin afuwar. Ita na'ura ba ta da suruki, ba ta da abokin makaranta, ba ta jin "don Allah". A ganina ƙarfinta ke nan, fiye da idon da aka sa mata.

Masu suka su ma ba su rasa hujja ba. Suna cewa radar ta zama saniyar tatsa, tun da a 2017 tarar da ta tara ta kai wajen euro miliyar 1, kuma yawancin waɗanda take kamawa 'yan kilomita kaɗan suka ɗara. Suna cewa talakan ƙauye, wanda ba shi da jirgin ƙasa ko bas, shi ya fi shan wuya. Fushin ya fashe a 2018, sa'ad da gomnatin Édouard Philippe ta rage gudu daga kilomita 90 zuwa 80 a ƙananan hanyoyin bayan gari. Cikin boren masu rigar ɗorawa da ya biyo baya, ministan cikin gida ya faɗa a Janairu 2019 cewa an lalata kusan kashi 60 cikin 100 na radar da ke kafe. Gomnati ta ja da baya kaɗan: an bar wa jihohi damar komawa 90 a wasu hanyoyi, daga 1 ga Janairu 2024 kuma ba a cire maki ga wanda ya ɗara da ƙasa da kilomita 5, ko da yake tarar tana nan.

Hujjar kuɗi ba ta gamsar da ni ba, gama wanda bai wuce ƙa'ida ba ba ya biyan ko dala. Ƙaramin ɗari ma ba ƙarami ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa idan matsakaicin gudu ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, haɗarin da ke kisa yakan ƙaru da kashi 4. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta biyu, wato cewa radar gudu take aunawa, ba ta shinshinar giya, alhali giya tana cikin wajen kashi 30 na haɗuran da ke kisa a Faransa. Ba ta san direban da barci ke fizga ba, ba ta duba birki ko taya. Waɗannan sai mutum ya tsai da motar ya leƙa. Ga shi kuma tun 2013, in an ɗebe shekarun annobar korona, mamata ba su sauka ƙasa da dubu 3 ba, ko da yake na'urorin sun ƙaru. Ke nan ta yi abin da za ta iya, saura ya rage ga jandarma.

Mu a nan, duk wanda ya bi babbar hanya daga Yamai zuwa Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Damagaram ya san gudu yana cikin abin da ke cin rayuka, musamman inda kwalta ta ratsa tsakiyar gari ranar kasuwa. Ya kuma san sauran: lodi fiye da kima, babbar mota da ta lalace da dare aka aza mata reshen itace a madadin alama, babur mai ɗauke da mutum uku ba hular kwano, amalanke ba fitila. Kafin ma'aikatanmu su yi sha'awar irin na'urar Faransa, ya kamata su tuna cewa rabin aikinta a ofis ake yin sa. Dole lambar mota ta karantu, takardar mallaka ta ɗauki sunan mai ita na yanzu, a kuma san ƙofar da za a kai wasiƙa. Motar da aka sayar sau uku ba a sake sunan takarda ba, wa za a aika wa tara?

Akwai radar ta hannu, wadda jandarma ke riƙewa ya auna, abokin aikinsa ya tsai da motar can gaba. Ba ta bukatar gidan waya, kuma da zarar an tsai da direba ana iya duba birkinsa da lodinsa da idonsa gaba ɗaya. Sai dai da ita an dawo ga mutum, wanda ake iya roƙo, don haka sai kowace tara ta fito da rasiɗi mai lamba, a kuma riƙa ƙirga rasiɗan a baitulmali.