Kafaɗa Ba Ta Warkewa Ita Kaɗai

Duk wanda ya zauna a ƙasar Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, ya ga yadda manomi ke kai garma ƙasa lokacin huɗa, da yadda 'yan dako ke cicciɓar buhun masara ran kasuwar Sheme, da yadda mace ke ɗaga taɓarya tun hantsi har azahar, lalle ba zai yi mamakin yawan masu kukan ciwon kafaɗa ba, balle kuma a haɗa da waɗanda babur ya kayar. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo bayan rauni. Akan kai mutum wurin mai ɗori, a ɗaure hannu a rataye shi a wuya wata biyu, alhali kuwa gaɓar da aka hana motsi sanƙarewa take yi, har ranar kwancewa ka tarar magidanci bai iya ɗaga hannu zuwa kunne don kabbarar harama.

Malaman gashin ƙashi sun yi ittifaƙi cewa motsi ne magani, amma sun yi saɓani kan irin motsin. Mazhaba ta farko ta ce a keɓe kafaɗar a yi mata atisaye ita kaɗai, domin ƙwallon ƙashin hannu yana zaune ne cikin gurbi marar zurfi, ƙananan tsokoki huɗu ne ke riƙe da shi, kuma su ne ke fara raunana. Daga cikin dabarunsu akwai wadda Codman, likitan Boston ta Amurka, ya bayyana a littafinsa na 1934: mutum ya sunkuya, ya dafa tebur da lafiyayyen hannu, ya saki mai ciwon yana lilo a hankali.

Mazhaba ta biyu ta ce wannan bai wadatar ba, hujjarta kuwa ita ce ƙarfin hannu daga ƙasa yake tasowa. Wani likita Ba'amurke, Kibler, ya nuna cewa kimanin rabin ƙarfin bugun ɗan wasan tanis daga ƙafafu da ƙugu da gangar jiki yake fitowa. Mai huɗa bai buƙatar a fassara masa wannan, domin ya san ranar da baya ya riƙe ko gwiwa ta ƙi, kafaɗa ce ke biyan bashin. Saboda haka idan an gyara kafaɗar aka bar ƙugu a sage, allon kafaɗa kuma bai tafiya daidai bisa haƙarƙari, to damina na zagayowa ciwon zai dawo.

A ganina, tsari ne ya raba su. A makonnin farko, lokacin da zafi ke hana barci, ƙaramin motsi na keɓe shi ne maslaha; idan zafin ya lafa, sai a shigo da sauran jiki, mutum ya taka ƙafa ɗaya gaba yana miƙa hannu sama, ya tura bango yana tsaye, ya tashi daga tsugune da ɗan kaya marar nauyi, har ya kai ga kwaikwayon aikinsa na gona. Galibi akan ba wannan aiki kamar mako 12 kafin a yanke hukunci a kansa, masu ciwon sukari kuwa, da yake kafaɗarsu ta fi saurin sanƙarewa, haƙurinsu sai ya fi haka tsawo.

Sai dai akwai halin da atisaye bai halatta ba sam. Wanda ya faɗi kafaɗa ta goce ko ta sauya siffa, ko hannu ya mutu, ko yatsu suka yi sanyi suka canja launi a ƙarƙashin ɗauri, ko ciwon ya zo da zazzaɓi da kumburi, ko da nauyin ƙirji da gumi, wannan a gaggauta kai shi babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa, inda idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi asibitin Shika, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano.