Cokali da gyare: Yadda Amurkawa ke ceton tsattsewarsu idan sanyi ya hana ta kiwo

A jihohin gabashin Amurka, idan sanyi da yayyafi suka kwana biyu ba su ɗaga ba a cikin watan Maris ko Afrilu, akan ga wani abu da baƙo zai ɗauka taɓin hankali ne. Za a ga dattijo ko dattijuwa tsaye a bayan gida cikin rigar sanyi, da kwano a hannu ɗaya, da cokalin roba a ɗaya hannun, ana lanƙwasa cokalin ana harba mataccen gyare sama. Ya faɗo ƙasa, a ɗauki wani a sake harbawa. Can bisa kuwa ga wasu baƙaƙen tsuntsaye jere a bakin ɗakunansu, sun kumbura gashi, fukafukai sun saki, suna kallon gyaren yana tashi yana faɗowa kamar abin bai shafe su ba.

Ƙoƙarin da mutumin ke yi shi ne ya shawo kan tsuntsun da yunwa ke gab da kashewa ya karɓi abinci. Tsuntsun shi ne wanda Amurkawa ke kira purple martin, wato matin a taƙaice, kuma shi ne mafi girma a dangin tsattsewa a duk Amurka ta Arewa. Tsawonsa kamar santimita 20 ne, nauyinsa kuma giram 50 da 'yan kai. Namijin da ya riƙa baƙi ne mai sheƙi, idan rana ta haska shi sai ya koma shuɗi-shuɗi kamar rawanin turkuɗi da ya sha bugu.

Abin da ya raba matin da sauran tsuntsayen daji shi ne ya sallama wa ɗan Adam al'amarin muhallinsa. Asali a kogon bishiya yake sheƙa, musamman ramukan da tsuntsaye masu sassaƙar itace suka fafe suka bari. Tun kafin zuwan Turawa, wasu ƙabilun asali na nahiyar, irin su Choctaw da Chickasaw, sukan fafe goran duma su rataye masa a kusa da bukkokinsu. Duman nan kuwa shi ne dai wanda muke yin gora da ƙwarya da shi. Turawa suka zo suka ɗauki al'adar, suka ƙara da gina masa 'yan gidaje masu ɗakuna da yawa. Daga baya aka shigo da wasu tsuntsaye biyu daga Turai a ƙarni na 19, gwara da wani mai suna starling, suka yaɗu suka mamaye kogunan bishiyoyin da suka rage. Yau a gabas da tsaunukan Roki kusan duk matin da aka ƙyanƙyashe, a cikin gora ko gidan da wani mutum ya kafa aka ƙyanƙyashe shi.

Masu wannan hidima suna kiran kansu da sunan da ke nufin masu gidan haya. Ma'aikacin da ya taɓa neman ɗaki a Abuja zai yi murmushi, don wannan mai gida ne da ba ya karɓar kuɗin shekara biyu a dunƙule, shi ke gyara, shi ke gadi, kuma idan ɗan haya ya makara da kwana uku sai ya kasa barci.

Yunwa ce ke kisa

Matin ba ya yin hunturu a Amurka. Da zarar ya yaye 'ya'yansa, sai ya kama hanyar Kudancin Amurka, akasari zuwa dajin Amazon na ƙasar Burazil. Dawowarsa kuma da gaggawa yake yi. A wani bincike da Farfesa Bridget Stutchbury ta Jami'ar York da ke Kanada ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2009, an ɗaura wa tsuntsayen 'yan na'urorin bin sawu a baya, aka tarar ɗaya daga cikinsu ta taso daga Burazil ta iso jihar Fensilbaniya cikin kwana 13, tafiyar kilomita kusan 7,500. Na farko sukan sauka a Fulorida tun a watan Janairu, su isa Teksas a farkon Fabrairu, sannan a hankali su yi ta gangarawa arewa har su kai Kanada a watan Mayu.

Waɗanda ke fara isowa su ne manya, masu shekaru, waɗanda suka san gidan kuma suke son riga kowa kama ɗaki mai kyau. 'Yan shekara ɗaya sai bayan makonni suke biyo baya. A nan haɗarin yake, domin lokacin da manyan ke sauka, hunturu bai gama tattara nasa ya nasa ba. Yau a yi rana mai ɗumi, jibi iskar arewa ta dawo da dusar ƙanƙara.

Sanyi shi kaɗai bai cika kashe matin mai ƙoshi ba. Matsalar tana ga abincinsa. Ba ya cin tsaba, ba ya cin 'ya'yan itace, ba ya tona ƙasa. A sararin sama yake kama duk abin da zai ci, mazari da ƙudaje da ƙwari iri-iri, har ruwa ma a guje yake sha, ya shafto fuskar tafki da baki ya wuce. Ƙwarin kuwa ba sa tashi idan ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 10 ko kusa da haka, haka nan idan ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, ko iska mai ƙarfi, ko hazo mai kauri. Ranar farko tsuntsun yakan lafe a ɗaki ya rayu da kitsen jikinsa. Rana ta biyu ƙarfi ya fara raguwa. Daga kwana na uku zuwa na huɗu jiki ya fara cin naman ƙirji, wanda da shi ake tashi, kuma daga nan ko rana ta fito ƙwari sun cika sama, wasu ba su da ƙarfin bin su.

Masu gidajen matin ba su manta da watan Yunin 1972 ba, lokacin da guguwar Agnes ta zauna a kan Fensilbaniya da maƙwabtanta ta yi ta zuba ruwa kwana da kwanaki, irin na marka. Lokacin 'ya'ya ne, kowane ɗaki cike da bakuna a buɗe. Iyaye da 'ya'ya suka mutu tare, kuma akwai yankunan da suka yi shekaru masu yawa ba a sake ganin matin ya yi sheƙa ba. Dalili shi ne tsuntsun yana komawa inda ya taɓa yin sheƙa ne, sabbin zuwa kuma suna bin inda suka ga 'yan uwansu. Idan gida ya mutu kaf, babu mai jawo wani. A Fabrairun 2021 ma, sa'ad da matsanancin sanyi ya rufe Teksas har wutar lantarki ta ɗauke wa miliyoyin mutane, matin da suka riga suka iso sun mutu da yawa, kuma akasarinsu manyan nan ne da suka fi iya kiwon 'ya'ya.

Koya wa tsuntsu abin da bai gada ba

Abin mamaki shi ne matin zai iya mutuwa da yunwa alhali ga kwanon ƙwari a gabansa. A wurinsa abin da ba ya tashi ba abinci ba ne. Wannan ya sa aka ɓullo da dabarar cokali. Ana sayen gyare daga masu kiwonsa, waɗanda ke sayar wa masu kamun kifi da masu ajiye ƙadangaru, a zuba a firiza. Idan buƙata ta taso sai a ɗebo, a bari ƙanƙarar ta narke, a ɗan ɗumama. Mai gida ya tsaya inda tsuntsayen ke ganinsa, ya harba gyaren ya wuce ta gabansu, sama da inda suke zaune kaɗan. Yana iya harba talatin ko hamsin babu wanda ya motsa. Sai can ɗaya ya zabura ya cafke. Da zarar ɗaya ya ci, saura sukan bi, domin matin tsuntsu ne mai koyi da ɗan uwansa.

Lokacin farawa yana da muhimmanci ƙwarai. Tsuntsun da ya ƙoshi ba zai kula gyaren ba, wanda kuma ya galabaita ba zai iya tashi ya kama ba. Shi ya sa ƙwararru ke cewa a fara tun rana ta biyu ta mummunan yanayi, lokacin da yunwa ta kama amma ƙarfi bai ƙare ba. Alamar da ake dubawa ita ce fukafukan da suka rataya ƙasa da jela, da zama shiru babu kukan nan nasu mai kama da ɓulɓular ruwa.

Harbin cokali matakin farko ne kawai, don babu hannun da zai iya ciyar da tsuntsu sittin da ɗai-ɗai. Bayan sun saba, sai a riƙa harbawa kusa da wani faranti da aka kafa a kan sanda, har su gane cewa abin da ke cikin farantin shi ne wanda suke kamawa a sama. Masu dabara tun da wuri sukan zuba dakakken ɓawon ƙwai a farantin, wanda matan tsuntsun ke sauka su ci saboda sinadarin da ke ƙarfafa ƙwansu, don haka wurin ba baƙo ba ne a gare su. Wasu kuma sukan sauke gidan su zuba gyaren a cikin ɗakuna, daga ciki kusa da ƙofa.

Gyare yana da tsada, kuma odarsa ba ta isowa ranar da ake cikin ruwa. Saboda haka da zarar tsuntsayen sun karɓi gyare, akan fara cakuɗa shi da wata tsutsa da ake kiwo a dusa, sannan da ƙwan kaza da aka kaɗa aka dafa ba mai ba gishiri, aka yayyanka ƙanana kamar girman gyaren. Ƙwai na cikin firijin kowa, shi ya sa ya zama madogara. Sai dai idan akwai 'ya'ya ƙanana a sheƙa, an fi son ƙwari, domin su ne abincinsu na asali.

Ɗakin ma yana da nasa aikin. Idan dare ya yi sanyi, matin sukan bar ɗakunansu su cunkushe a ɗaki ɗaya, goma ko fiye, suna ɗumama juna. Dabara ce mai kyau, amma tana da tarko: idan na bakin ƙofa ya mutu, gawarsa takan toshe hanya, na ciki su mutu a bayansa. Don haka mai gida kan duba kowace safiya. Gidajen zamani a kan doguwar sandar ƙarfe suke, da igiyar da ake sauke su kamar yadda ake sauke tuta a harabar ma'aikata, kuma matin ba ya ƙaurace wa sheƙarsa don mutum ya taɓa ta. Tun kafin su iso akan shimfiɗa musu busassun ganyen wata bishiya masu siffar allura, waɗanda ruwa ke tsiyayewa ta cikinsu ba sa jiƙewa su dunƙule. Idan ruwa ya shiga sheƙa ta jiƙe sharkaf, sai a kwashe 'ya'yan a kwano, a zubar da jiƙaƙƙiyar shimfiɗar, a sa busasshiya, a mai da su ɗakin da aka ɗauko su. Wasu har sukan tura 'yar jakar ɗumama hannu, irin wadda masu aiki a sanyi ke sawa a aljihu, ƙarƙashin shimfiɗar.

Tsofaffin gidajen gwangwani masu ƙananan ɗakuna sun fi jawo asara, don sanyi na ratsa su, ruwa kuma na feso har kan 'ya'ya. Irin waɗannan gidaje sun bazu ne a shekarun 1960, lokacin da wani ɗan kasuwa mai suna J. L. Wade na garin Griggsville a jihar Ilinoi ya yi ta tallar cewa matin ɗaya na cin sauro 2,000 a rana. Masana sun binciki cikin tsuntsun suka tarar sauro ɗan kaɗan ne ƙwarai a abincinsa, tunda shi da rana yake kiwo can sama, sauro kuwa da dare yake yawo kusa da ƙasa. Tallar ba gaskiya ba ce, amma ta sa dubban iyalai sun kafa gidaje. Ƙungiyar kare matin da James R. Hill na Uku ya kafa a Fensilbaniya a 1987 ita ce ta yi ta wayar da kai a kan manyan ɗakuna masu zurfi da kuma ciyarwar gaggawa. Akwai kuma iyakar da doka ta gindaya: dokar tarayya ta 1918 da ke kare tsuntsaye masu ƙaura ta hana mutum ajiye matin a hannunsa, don haka wanda ya faɗo ya kasa tashi, wurin masu lasisin jinyar namun daji ake kai shi.

Ba kowa ne ya yarda da wannan ciyarwa ba. Masu suka suna cewa sanyi shi ne alƙalin da ke tace tsuntsayen da suka yi gaggawar dawowa, kuma idan aka cece su, an bar halin gaggawar ya yaɗu a zuriya. Maganarsu ba ta rasa tushe ba. A ƙarshen Mayun 1996, kwana shida na sanyi da ruwa sun kashe dubban wata tsattsewa 'yar uwar matin a jihar Nebraska, kuma masu bincike Charles Brown da Mary Bomberger Brown sun auna gawarwakin da waɗanda suka tsira, suka ga cewa masu manyan ƙasusuwa ne suka fi rayuwa. Ashe dai mummunan yanayi yana zaɓe.

Duk da haka, a ganina hujjar ta fi dacewa da tsuntsun da ke zaman kansa a daji. Matin na gabashin Amurka ya daɗe da fita daga wannan sahu. Mutum ne ya sare bishiyoyin da yake sheƙa, mutum ne ya kawo masa kishiyoyi daga Turai, mutum ne ya tara shi a bayan gida. Ga shi kuma wani babban bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 3 tun daga 1970, kuma masu kama ƙwari a sama na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Wanda ya rataye gora ya kira baƙo, da wuya ya sami bakin cewa ruwan Allah ne ya kashe shi alhali da ƙwai a firijinsa.

Masu gidajen da suka jure wahalar koyarwar sukan ba da labarin cewa sau ɗaya ake yin ta. Tsuntsun da ya koyi cafke gyare bana zai je Burazil ya dawo baɗi da karatunsa, sababbi kuma su koya daga gare shi. A irin waɗannan gidaje, idan gari ya waye da sanyi da yayyafi, tun kafin a ɗauko cokali matin sukan taso su riƙa shawagi a ƙofar baya, wasu har su sauko daf da kan mai gida da zarar ya leƙo da kwano. Ranar da gari ya washe kuwa, ƙwari suka tashi, ko kallon farantin ba sa yi.