Suna ɗaya, tsiro daban-daban: matsalar irin wiwi a Amurka

Dokar noma ta 2018 a Amurka ta halatta shuka wiwin masana'antu, muddin sinadarin THC mai bugarwa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Gonar da ta zarce iyaka kuwa, ana iya lalata amfaninta.

Nan ingancin iri ya zama batun riba ko asara. Masu haɗa irin sun daɗe suna aiki a ɓoye, ba rajista, ba mai tantancewa, shi ya sa ƙwaya biyu daga ƙunshi guda kan fitar da tsiro mabambanta. Wani bincike a Kanada a 2015 ya gano cewa sunan iri bai cika dacewa da ƙwayoyin halittarsa ba.

A Najeriya doka ta haramta noman wiwi. Masu neman a halatta shi domin magani sai sun fara amsa tambaya guda: wa zai tantance irin?