Ma'aunin Abinci da Cimar 'Yan Jami'a

A shekarar 1984 gwamnatin soja ta janye tallafin ciyar da ɗalibai a jami'o'in Nijeriya. Tun daga nan yaron Bebeji ko Kiru da ya tafi Jami'ar Bayero shi ke ji da cikinsa, galibi kuwa ƙarancin kuɗi da gaggawa sukan kai shi ga Indomie da lemon kwalba.

To, a 2017 hukumar Faransa ta karɓi wani ma'auni, Nutri-Score, mai daraja biyar, daga kore zuwa ja. Akan duba giram 100 na abinci: sukari da gishiri da kitse su rage masa daraja, wake da ganye da 'ya'yan itace su ɗaga ta. Amma fa malamai su lura, ma'aunin ba ya bambance halal da haram, lafiyar jiki kaɗai yake dubawa.

Bisa wannan lissafi, wake da zogalen da ake nomawa a Tudun Wada da Doguwa sun fi lemon kanti nesa ba kusa ba. Uban da ke haɗa wa ɗansa guzuri, ya fara da mudun wake kafin katan ɗin taliya.