Lambar da ke Jikin Ƙarfe

Gaisuwa ta musamman ga mutanenmu na Sabon Birni da Isa, da na Shinkafi, da 'yan uwa da ke kama mu daga tsallaken iyaka, Maradi da Tsibirin Gobir. Yau maganar tsofaffin motoci za mu yi: yadda ake gane ta ainihi daga wadda aka yi wa kwaskwarima, da abin da ke sa wata tsohuwar mota ta fi sabuwa tsada nesa ba kusa ba.

Daga Amurka za mu faro. Ku ɗan yi haƙuri da ni, za mu dawo gida.

A 1968 aka yi wani fim mai suna Bullitt. Jaruminsa Steve McQueen ne, kuma abin da ya fito da fim ɗin shi ne tseren mota na kimanin minti goma a titunan birnin San Faransisko. Motar da jarumin ya tuƙa koriyar Ford Mustang ce, irin motocin nan masu ƙaton inji da Amurkawa suka yi yayinsu daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Da aka gama fim sai aka sayar da ita. Ta bi ta hannu biyu, har a 1974 wani bawan Allah mai suna Robert Kiernan ya ga tallarta a mujallar motoci, ya saye ta a kan 'yan dubban daloli.

To ku ji abin da ya ja hankalina. A watan Disamba na 1977 McQueen da kansa ya rubuta wa mutumin nan wasiƙa yana neman a sayar masa da motarsa. Kiernan bai sayar ba. Matarsa malamar makaranta ce, da motar take zuwa aiki. A 1980 kuloci ya lalace, aka tura ta gareji aka rufe. Shekara kusan arba'in ba wanda ya san inda take, sai su iyalan gidan. Wasiƙar kuwa suka adana ta.

Sai a 2018 ɗansa Sean ya fito da ita a bajekolin motoci na birnin Detroit. Kun san halin mutane, ba a ce "na yarda" don kawai mota koriya ce. Aka ɗauko lambar shasinta aka gwada da kundin kamfanin Ford, wanda wani masani mai suna Kevin Marti ke kula da shi. Lamba ta yi daidai. Aka leƙa ƙarƙashinta, ga ƙarafan da aka yi wa walda don ɗaura kyamara suna nan. Ga tsatsa, ga fenti ya koɗe, ba wanda ya shafe su. Ga kuma wasiƙar jarumin. A watan Janairu na 2020 aka yi gwanjonta a jihar Florida, ta tashi dala miliyan 3.4, da aka haɗa da la'ada ta kai miliyan 3.74.

'Yan dubban daloli, masu sauraro, sun koma miliyan 3.74. Kuma da sun kai ta wurin mai fenti ya mayar da ita sabuwa fil, da sun goge rabin shaidarta.

Akwai wata kuma, Plymouth Barracuda ta 1971 mai injin Hemi, wadda ake zuge rufinta. Waɗanda aka ƙera a wannan siffa ba su wuce 12 ba. Ɗaya daga ciki an sayar da ita dala miliyan 3.5 a 2014. Inda kuɗi irin wannan yake, ai ba a rasa mazambata. Sai mutum ya samo Barracuda mai ƙaramin inji, ya ɗora mata babba, ya manna tambari, ya ce ga ta. Me ke tona asirinsa? Harafi guda. Harafi na biyar a lambar shasi shi ke faɗin injin da aka saka mata tun daga masana'anta, kuma ta Hemi harafinta R ne. Sannan an buga wani ɓangare na wannan lamba a jikin inji da giya, dole su yi daidai da juna.

Abin da ya fi burge ni shi ne wata 'yar takarda. Lokacin da ake harhaɗa motar, akwai takardar da ke bin ta tana gaya wa ma'aikata launin fenti, irin kujera, irin inji. In an gama, wasu ma'aikatan sai su cusa ta cikin wayoyin kujerar baya ko ƙarƙashin dardumar ƙasa, don kawai su rabu da ita. Yau, bayan shekara hamsin, masu saye na ɗaga kujera a hankali kamar masu neman zinariya. In an dace ɓera bai ci ta ba, wannan takarda da aka yar ita ke raba gardama.

Mu dawo gida. Mu nan ba Mustang muka taso muka gani ba, Fijo muka gani. Fijo 404 a-kori-kura mai ɗaukar buhunan gero da albasa ranar kasuwa, da Fijo 504 mai cin fasinja daga Isa zuwa Sakkwato. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, shekara ɗaya da fim ɗin da muka ambata. A 1975 masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, a shekarar kuma 504 ta lashe gasar tseren Safari ta gabashin Afirka. Faransa ta daina ƙera ta gida mai ƙofa huɗu a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har cikin shekarun 2000.

Kada wani ya ji wannan shiri ya ce Fijon da ke bayan gidansu ta kai miliyoyin daloli. Ba ta kai ba. An ƙera 504 sama da miliyan uku, abin da ya yi yawa kuwa ba ya tsada. Masu ƙaranci su ne mai ƙofa biyu da mai zugaggen rufi, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya yi wa jiki, sai kuma waɗanda kamfanin Dangel ya mayar masu ja da ƙafa huɗu. Amma ko ta Kaduna ce, in dai tana nan da injinta na asali da takardunta, ta wuce a ɗora ta a sikelin 'yan gwangwan. Abin da ke damuna ke nan. Rashin tsaro a hanyoyin yankinmu ya sa direbobi da yawa sun jingine motocinsu, buƙata kuma ta sa ana sayar da su a kilo, takardun na cikin akwati gara na ci. Allah ya kawo mana zaman lafiya.

To yaya ake dubawa? Mutanen Gobir sun san doki. Ba a sayen doki don kyan sirdi, baki ake buɗewa a duba haƙori. Haƙorin mota shi ne lambar shasi. Tana kan ɗan faranti a ɗakin inji, an kuma buga ta a jikin ƙarfen motar kansa. A wanke wurin da fetur, a haska tocila ta gefe. In haruffan ba su jeru daidai ba, ko zurfinsu ya bambanta, ko ƙarfen wurin ya fi na kewaye santsi, to an goge an sake bugawa. In ka ga layin walda ya zagaye lambar, an yanko ta ne daga wata mota aka dasa. Daga 1981 lambobin shasi suka koma haruffa da alƙaluma 17, kuma babu harafin I, babu O, babu Q a cikinsu. Wanda ya nuna maka lamba irin wannan mai ɗauke da ɗayansu, ka riƙe kuɗinka.

Sai lambar inji, a gwada ta da ta takarda. A wurinmu canja inji ba laifi ba ne, da haka bakanikenmu suka raya motocin nan shekara da shekaru. Laifin shi ne a canja a ɓoye, a karɓi kuɗin ta asali. Ka tafi da mayen ƙarfe a aljihu, ka bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, fanalbita ya cike wurin ya bi da fenti. Ka ɗaga tabarmar ƙasa, ka duba ko gaban wata mota aka haɗa da bayan wata.

Ana yi mini alama lokaci na ƙurewa, don haka a gurguje. Takardar duti ta kwastan in motar 'yar Kwatano ce, takardar mallaka, rasit na cinikin farko, tsofaffin lasisi, har hoton da mahaifinku ya ɗauka a jingine da ita lambarta na fitowa, duk a haɗa su wuri guda cikin leda. Ku je tasha ku tambayi dattawan direbobi da 'yan kamasho, sun san motar wane ce, sun san shekarar da ta faɗi da wanda ya gyara ta. In za a yi ciniki, a yi shi gaban shaidu, a rubuta lambar shasi da ta inji a takardar, dillali ma ya sa hannu. Kuma kada a bari mai saye ya zama shi kaɗai ne ya yi wa motar kuɗi, a nemi bakanike na biyu wanda ba shi da la'ada a cinikin.

Nan za mu dakata. Mai tsohuwar Fijo a gida, ya aiko mana da shekararta da inda aka harhaɗa ta. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.