Tsarabar Lantarki Daga Waje: Riba Ko Asara A Bodinga Da Shagari?

Duk shekara idan alhazai suka sauka a filin jirgin Sultan Abubakar III da ke Sakkwato, cikin tsarabar da ke shiga Bodinga da Shagari ba a rasa butar lantarki, dutsen guga da na'urar markaɗe. Ga kuma kayan gwanjo na Turai da Amurka, da waɗanda ke shigowa daga Nijar ta Illela. Araha da yardar da ake yi wa kayan waje ne ke jawo su, sai dai da yawansu ba don wutar gidajenmu aka ƙera su ba.

Matsalar kashi biyu ce. Ta farko siffar fulogi. Najeriya ta gaji tsarin Ingila, soket mai rami uku, Nijar kuwa ta bi na Turai mai ƙafa biyu zagayayyu. Shi ya sa za ka ga mutum ya cusa tsinke ko marfin biro a ramin sama don ya tura mai ƙafa biyu, wani ma ya yanke fulogin ya soka tsirarar waya. Wannan ya raba na'urar da fiyus ɗin da ke cikin fulogi mai ƙafa uku, kuma haɗin da bai kama sosai ba yana ɗaukar zafi har ya narkar da roba. A lokacin hunturu, da komai ya bushe, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye ɗaki.

Ta biyu ta fi muni. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Adafta siffa kawai take sauyawa, ba ta rage ƙarfin wuta, don haka na'urar bolt 120 tana ƙonewa da zarar an jona ta. Saudiyya ta daɗe tana amfani da bolt 127 da 220 kafin ta yanke shawarar komawa 230 a 2010, kuma wutarta na zagaye 60 a daƙiƙa, tamu 50. Fanka ko firjin da aka yi wa 60 kaɗai zai rage gudu ya riƙa ɗaukar zafi.

Akwai sauƙi ta wani ɓangaren: yawancin cajojin waya da na kwamfuta suna karɓar bolt 100 zuwa 240, adafta mai kyau ta ishe su. Sauran na'urorin bolt 100 zuwa 127 kuwa sai da tiransifoma mai rage wuta, wanda kuɗinsa kan cinye arahar da aka yi murna da ita.

Ya kamata Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Sakkwato ta saka wannan bayani cikin bitar maniyyata. Kai kuma mai saye, kafin ka biya, juya na'urar ka karanta lambar da ke bayanta. In ba ka ga 220 zuwa 240 ko 100 zuwa 240 ba, bar wa mai ita kayansa.